Shuɗin Ƙyallen Ya Kaltum

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Ya Kaltum makwancinta. Yayata ce ciki ɗaya, ita ta goya ni, ita ta sa aka koya mini ɗinkin da har yau nake ci da shi a shagona na unguwar Shehuri. Ciwon suga ne ya zama ajalinta. Allah ya jiƙanta.

Ni bokona a aji uku ya tsaya, shi ma malamin ne ya gaji kafin ni. Don haka ban taɓa rubuta awon mutum a littafi ba. Dogon ƙyalle nake yagowa, in zaga ƙugu in ƙulla, in rataye a ƙusa. Kowa da nasa. Na Ya Kaltum shuɗi ne, kuma duk sallah sai na yi sabon ƙulli gaba da na bara. Tsofaffin ba na kwancewa. Da ta shigo sai in ɗaga shi a gaban masu zaman shago in ce, "Ya Kaltum, bana ma an samu ƙari. Baɗi sai dai in aro igiyar guga."

A kwashe da dariya. Ita ma ta yi, ta ce, "Bukar, kai da in iska ta taso sai an riƙe maka riga."

A ganina wasa muke.

Ba ta da ci. Loma biyar ta wanke hannu, mu kuwa muna cewa a ɓoye take ramawa. Ta sha jiƙo, ta sha lemon tsami a ruwan zafi, ba ta barin azumin Litinin da Alhamis. Akwai ɗan hantsaki a jakarta na cire gashin haɓa, shi ma bai tsira daga bakina ba. Ba ta taɓa haihuwa ba. 'Yata Falmata aka ba ta bayan yaye, a hannunta ta girma.

Wata shekara ba ta kawo ɗinki ba. Na ji labari wata tela take kai wa a unguwar Dala. Ba ta daina zuwa gaishe ni ba, amma daga bakin ƙofa, a naɗe cikin laffaya, ba ta zama. Na ce wa mutane ɗinkina ne ya tsufa mata. Shekara bakwai muna haka har ta rasu.

Bara Falmata ta je asibiti, don al'adarta na tsallake watanni, jiki na ta hawa. Likitar ta kira ciwon da haruffan Turanci huɗu, PCOS. Yadda Falmata ta warware mini, sinadaran jikin mace ne ke rikicewa, ƙwai ya ƙi fita kan lokaci, gashi ya tsiro inda ba a so, ƙiba ta zo ta ƙi tafiya ko ana cin kaɗan. In aka ƙyale shi yana iya jawo suga. Kuma yakan bi dangi. Tana lissafowa ina ganin yayata tsaye a ƙofa.

An ba Falmata ƙwayoyi, ɗaya irin ta masu suga ce. An ce ta rage tuwo da lemon kwalba, ta riƙa takawa da safe. Ba a yi mata alkawarin warkewa ba, lallaɓawa ake, wani watan a ga sauƙi, wani watan shiru.

Da Ya Kaltum na nan, na san abin da za ta ce: ashe abin yana da suna. Sannan ta juyo ta kalle ni. Ko magani zai ƙara mata kwana, wannan sanin Allah ne. Ko ma irin ciwon Falmata ne ya same ta, ba wanda ya auna. Shekara bakwai ɗin nan dai ba ciwo ne ya ci su ba, ni ne.

Ana saura mako biyu ƙaramar sallah, Falmata ta zo da atamfa. Ta tsaya a bakin ƙofa, daidai wurin da goggonta ke tsayawa, tana kallon nata ƙyallen mai ƙulli biyar. Na ga in na buɗe baki yadda na saba, baɗi Dala za ta. Na sallami masu zaman shago, na ce su je su sha iska. Na sauke ƙyallen na jefa cikin tsumma, na yago sabo.

Ta ce, "Baba, yau ba ka da magana?"

Na ce, "Ɗaga hannu, aiki nake."

Ƙulli ɗaya na yi, kuma baɗi in muna raye kwance shi zan yi kafin in sake wani.

Abin da Ya Kaltum ta bari ba shi da yawa: sana'ar da ke hannuna, da yarinyar da ta raina. Sai shuɗin ƙyallen. Shi ban sauke ba, yana ƙusarsa saitin keke, inda idona ke faɗawa duk sanda wata zolaya ta zo mini baki. Ƙulli tara ne. Kowanne na tuna abin da na faɗa.