Tarkon da Kawu yake wankewa

Shekarar da na fara aiki a ofishin gona a Birnin Kebbi, aka kawo mana manhajar kwamfuta mai hasashen tsutsar da ke huda karan shinkafa. Aikinta ba wuya. Mu kafa tarko a fadama, roba ce da ruwan sabulu, mu ƙirga ƙwarin da suka faɗa ciki, mu ba ta. Ita kuma ta haɗa da zafin rana da laima, ta zana taswira. Inda ya yi ja a je a yi feshi, inda ya yi kore a bar shi.

Tarkon yankin Argungu a gonar kawuna na kafa shi, yayan mahaifiyata, don na san ba mai taɓawa. Da shinkafar nan yake ciyar da gidansa shekara guda.

Duk zuwan da za mu yi sai na buga masa waya, don ba a faɗo wa babba gona babu sallama. Mu tarar da tabarma da fura, robar kuma tas, ko sauro babu. A taswirar, garin Ambursa ya yi ja, ko'ina ya yi ja, wajen Kawu kore shar. Shugabanmu har cewa ya yi a yi bincike a kan wannan ƙasa mai albarka. Ni ma na ɗan ɗaga kai, gonar danginmu ce.

Wata rana wayarsa ba ta shiga ba, muka tafi haka nan. Na same shi tsugune yana dirje robar da soso, ya zubar da ƙwarin a gefe, tuli guda.

Na ce, "Kawu, me kake yi?"

Ya ce, "Ɗiyata, ke taho da manya, in bari su ishe gonata cike da ƙwari awa ta raggo? Kullum da sahe ni ka wanke ta, waya ko ba waya."

Na duba shinkafar, kawunanta sun riga sun yi fari, ba ƙwaya a ciki.

Bayan girbi ya zo gidanmu a unguwar Badariya. Ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi lafiyar kowa har awaki. Sai da ya miƙe zai tafi ya tambayi ƙanwarsa, mahaifiyata, ido a ƙasa, ko tana da sauran shinkafa.