Shekarar da Shukarmu Ta Ƙone a Dingyaɗi

Daren wata Laraba aka yi ruwan shuka, shekarar da nake aji huɗu a firamaren Dingyaɗi. Gari na wayewa Baba ya saɓi sungumi yana sara, ni da ƙanena Sani muna biye, muna zuba irin gero muna rufewa da diddige. Ƙasa sai ƙamshi take. Ba a jima ba shuka ta tsiro kore shar, har muna tseren tsallake kunya idan mun kai wa Baba fura.

Daga nan sama ta ɗauke. Kullum hadari ya haɗu ta wajen Sifawa, iska ta watsa shi. Muna ji muna gani tsiron ya lanƙwashe, ya ƙone. Irin ya tafi, rumbu kuma saura ƙaiƙayi, don tun da kaka Baba ya sayar da rabin geronmu da arha lokacin da Inna ta kwanta ciwo.

Ranar kasuwar Boɗinga na bi shi da jaki wurin Alhaji Mamman, ɗan kasuwar da ya saye geron. Buhuna jibge har rufin shago. Baba ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Alhaji, iri nika so in maida shuka. Wanga geron daga gonata ya hito."

Alhaji bai ko ɗago kai ba. "Ba ni saidawa yanzu, Malam Umaru. Sai ya ƙara tashi."

Har yau idan na tuna, zuciyata tafasa take. Mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba ya zauna yana jiran yunwarmu ta nuna kamar amfanin gona! Baba ya miƙe ya sa takalminsa, muka koma da jaki ba kaya. Inna ta sayar da akuyarta aka samo iri a Lambara, muka maida shuka a makare, muka ƙarasa damina da kwaɗon tafasa. Takan ce, "Manomi shi ka noma, wani shi ka ci."

Yanzu ina aiki a Sakkwato, Sani ke riƙe da gonar tun rasuwar Baba. Jiya ya kira ni, wai shukar bana ta yi kyau, amma motocin masu saye sun fara zagaya ƙauye tun kafin gero ya fid da kai. Na so Baba yana raye in tambaye shi yadda ya iya haɗiye fushi. Ni dai na kasa.