Gwangwanin Gishirin da Na Ɓoye wa Yaya Hadiza

Wata Asabar cikin damina, shekarar da nake aji huɗu na firamare, Yaya Hadiza ta yanke jiki ta faɗi a bakin rijiyar gidanmu da ke Yelwa, guga na hannunta. Kwana biyu ke nan tana amai, muna cewa zazzaɓi ne. Na tsaya riƙe da tsintsiya, don na san abin da na aikata.

Watanni kafin nan yayata ta canza. Ta rame, ta yi baƙi har dasashinta da layukan tafin hannunta, in muna 'yar gala-gala sai ta tsuguna ta ce jiri take ji. Ga kuma gishiri, takan zuba a hannu ta lashe kamar tunkiya. Ni kuwa Allah ya yi ni da kai ƙara, abu ba ya kwana a bakina. Na gaya wa Inna, mahaifiyarmu, ta ce, "Kwaɗayi ne, ɓoye gwangwanin." Na cusa shi bayan buhun masara, ina taƙama an ba ni muƙami. Sau uku Yaya ta roƙe ni, sau uku na murguɗa mata baki.

Ranar da Yaya ta faɗi, salatin Inna ne ya shigo da maƙwabciyarmu Maman Chika, mai shago, wadda muke jifan karenta ta kan katanga. Ta taɓa hannun Yaya ta ji sanyi, ta ce da irin Hausarta, "Maman Hadiza, karena ma haka ya yi, amai, ba ƙarfi, ya faɗi. Allura ya tashe shi. Kar ka jira, kai shi asibiti." Inna ta haɗe rai jin an haɗa 'yarta da kare, amma ta yayimi mayafi.

A asibiti na kasa zama, ina ta kai da komo a baranda har aka yi wa Yaya allura da ƙarin ruwa. Da likita ya tambaya ko tana yawan neman gishiri, sai na fashe da kuka. Ya ce wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙodarta ne suka daina aiki, ciwon kuma karnuka ma suna yinsa. Ba ɓoye gishirin ne ya jawo shi ba, in ji shi, amma wannan lasar ita ce alamar da ya kamata ta kawo mu tun tuni.

Yanzu gidan ya zama ɗakunan hayar ɗalibai, an rufe rijiyar, Inna kuma ta rasu. Yaya tana nan da 'ya'yanta uku, tana shan ƙwayoyinta kullum, allurar gaggawa ba ta barin jakarta. Ba ta taɓa tayar mini da zancen gwangwanin ba, ni ce na kasa mantawa. Har yau in ta zo gidana, gishiri nake fara ajiye mata kafin ruwa.