Malamar da Ta Koya wa Inna Shuka a Tukunya

Muna yara a Argungu, tun ana ce da mu jihar Sakkwato, in an idar da magariba gindin murhun kakarmu Inna Hajo muke taruwa. Tsakar gidan ƙarama ce ƙwarai, amma jikin katanga jere yake da tsofaffin tukwane, rama da alayyafo da tattasai sun yi kore a ciki. Yawancin tatsuniyoyin Inna na dariya ne. Akwai guda ɗaya da in za ta fara sai ta janye itace daga wuta.

"Wagga ba tatsuniya ba ta," in ji ta. "Da idona na gani."

Ta ce tana goyon babanmu wata mata ta zo daga Birnin Kebbi, an turo ta daga ma'aikatar gona ta koya wa matan kulle shuka a cikin gida. Siririya ce, tana yawan tari, ga iri ƙulle a bakin mayafinta. Maza suka yi ta dariya. Garin da ke da gulbi da fadama, wa zai yi noma a tukunya? Gidaje da yawa suka hana ta shiga, har da namu. Sai da kakanmu ya tafi kamun kifi, Inna ta aika aka kira ta.

Matar ta durƙusa ta nuna mata yadda ake huda gindin tukunya, a cuɗa ƙasa da kashin awaki, a riƙa tara ruwan alwala da na wankin hatsi ana ba shuka. Inna ta dama mata fura, ta sha, ta tafi.

Ba a daɗe ba wata damina ta ƙi. Gulbi ya janye, shinkafa ta ƙone a fadama, yara suka fara kumbura a unguwa. Inna ta rasa babbar 'yarta, Ige. Babanmu kuwa ganyen tukwanen nan ya riƙe shi, ana dafa masa da 'yar dusa.

"Da munka farfaɗo sai nic ce a kai mata gaisuwa," in ji Inna. "Anka ce tarin nan ya kashe ta. Ko sunanta ban tambaya ba, ɗiyana. Malama kaɗai munka sani."

Daga nan sai ta sa mu ɗaga hannu mu roƙa mata gafara. Ni a lokacin ƙosawa nake yi, ina so a koma na dariya.

Sai da na girma, na yi iyali a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi, na gane godiyar da Inna ba ta samu yi ba ce take sa mu yi a madadinta. Na tambayi tsofaffin ma'aikatan gona, ba wanda ya tuna da matar. Yanzu in na idar da salla ina yi wa mamatana addu'a, ina sa ta tsakanin Inna da babana. Ɗana ya taɓa tambayata wace ce Malama. Na ce masa danginmu ce.