Mai Bin Kakana Bashi ta Waya

Ina alwalar La'asar jiya baƙuwar lamba ta kira ni. Muryar dattijo ce, a sanyaye.

Ya ce kakana, mahaucin Ƙofar Dundaye da ya rasu shekarar samun 'yancin kai, ya karɓi shanu wurin mahaifin shi dattijon bai biya ba. "Tura kuɗin yau, yaro. Bashi na hana mamaci kwanciyar kabari."

Na san aikin 'yan damfara ne. Amma in gaskiya ne fa? Ban taɓa ganin kakan nan ba, da me zan ƙaryata?

Na tafi wurin Gwaggo, 'yarsa da ta rage.

Ta ce, "Ƙarya shikai. Ranar jana'iza an yi shela ƙofar gida, mai bin bashi shi fito, ba wanda yat tashi. Da wane suna yak kira Baba?"

Na faɗa mata. Ta ajiye carbinta.

"Wanga suna, uwatai kaɗai ka kiran shi da shi."

Ban tura ko sisi ba, sadaka na yi wa kakana. Lambar kuma ta daina shiga.

Jama'a, a ina mutum ke samo sunan da aka binne tare da mai shi?