Yadda Chundung Ta Tsufar da Sabon Takalminta

Chundung maƙwabciyata ce a Hyattsville, ƙofarta na kallon tawa a hawa na uku, kuma asibiti ɗaya muke aikin nas. 'Yar wajen Barikin Ladi ce, gajera, ga baki, ga saurin tafiya kamar ta bar tukunya a wuta. A 1987 shekararta goma sha shida a Amurka, amma in ka cire asibiti da coci da shagon da muke sayen manja da busasshen kifi, ba ta san ko'ina ba. Ta reni 'ya'ya uku, ta yi ta aiki har mijinta Bartholomew ya gama digiri biyu, ita kuwa ko yawon hutu ba ta taɓa zuwa ba.

Wata rana sai ga ta ta faɗo min ɗaki ko ƙofa ba ta buga ba.

"Pauline, zan hau dutse."

"Wane dutse kuma, Maman Olive?"

"Colorado. Ƙafa dubu goma sha huɗu da ɗoriya. A fita da sassafe, a taka can ƙololuwa kafin tsakar rana, a sauko kafin hadari ya taso."

Ashe Constance ce, wata Ba'amurkiya da ke shugabantar sashenmu, take kai mutum shida hawan dutse duk shekara. Bana ɗaya ya janye, Chundung ta yi wuf ta ɗaga hannu. Amma da sharaɗi. Za a yi gwaji a dutsen Old Rag da ke Virginia sati uku kafin tafiyar, wanda bai sauko lafiya lau ba, sai a ba wani gurbinsa, kuma ga mutum biyu suna jira.

To fa, gidan nan ba mu ƙara sakewa ba. Ta manna taswira a jikin firij. Ta sa rabin buhun shinkafa a jakar goyo tana hawa bene tana sauka, sau ashirin, har tsohuwar da ke ƙasa ta leƙo ta tambaya ko gobara ake yi. Duk wanda ya shigo sai ya sha bayani: wai can sama iska ba ta da kauri, wai a watan Agusta ma ana iya ganin ƙanƙara. Da ta ji tsayin Old Rag kuwa sai ta bushe da dariya, ta ce ai kasuwar Jos ma ta fi shi tudu. Wallahi murnarta har ta kama ni, ni da hawa ukun gidanmu ma gwiwa ke ba ni wahala.

Sai takalmi. Ruwan ƙasa, mai jan igiya, nauyinsa kamar taɓarya. Ta zagaya da shi cikin kwalinsa ta nuna wa kowa, ta mayar da takardarsa ta naɗe, ta ɗora can saman kabad. Ni ban ga aibu ba, mijinta ma cewa ya yi ta kyauta. Haka muka taso ai. Takalmin Kirsimeti sai ranar Kirsimeti, a ranar ma a hannu kake riƙe shi, sai ka kai bakin coci ka kakkaɓe ƙafa ka saka.

Saura kwana goma sha biyu gwajin, muna cin abinci a wurin aiki, Constance ta tambaye ta ko takalmin ya saba da ƙafarta.

Chundung ta gyara zama ta ce, "Yana kwalinsa. Ko ƙura bai taɓa ba."

Constance ta ajiye cokali. Ta ce sabon takalmi a kan dutse zai ɗaye mata dunduniya kafin rabin hanya, kuma ita ba ta da mai goyo. "Ki yi mil hamsin a cikinsa kafin ranar. In ba haka ba, kada ma ki zo."

Ran Chundung ya ɓaci ba kaɗan ba. A mota ta yi ta masifa, wai ita da ta yi shekara goma sha biyu tana bin awaki a kan duwatsu ba takalmi, ita za a koya wa ƙafa? Da yamma ta saka shi don ta nuna mana, ta tafi shago ta dawo. Mil biyu kacal. Ta shigo ɗakina tana ɗingishi, ta cire, sai ga bororo biyu ɓul-ɓul a dunduniya. Ta zuba musu ido, sai hawaye.

"Pauline, ƙafata ta zama ta Bature ban sani ba. Shi ke nan, gurbina ya tafi."

Nan na hasala. Na ce, "Ke, tashi min a nan. Nas guda tana kuka a kan bororo? Wa kika taɓa gani ya kashe?" Na wanke mata, na manna filasta, na ba ta safa biyu ta haɗa.

Daga ranar takalmin nan bai huta ba. Ta daina shiga motata, da ƙafa take zuwa aiki, farin takalmin asibiti a jaka. Ran Lahadi ta sha ankon zumuntar matan coci, ta kafa ɗauri, sannan ga wannan ƙaton abu a ƙasa yana leƙowa. Da aka buga tulu aka tashi rawar kai baiko gaban coci, ƙasa har girgiza take. Mama Dorkas, shugabarmu, ta jawo ta gefe ta ce, "'Yata, soja kika shiga?" Mata suka yi ta dariya, ita ma tana yi, amma ba ta cire ba.

Bartholomew ne bai ga abin dariya ba. Na ji shi a bakin ƙofa yana cewa, "Ki bar wa Turawa abinsu mana. Me ke saman dutsen nan da za ki je ki ɗauko?"

Ta ce, "Ban sani ba, Baban Olive. Shi ya sa zan je."

Ranar gwaji na bi su, amma a gindin dutsen na tsaya da lemona. Awa shida ina duba agogo. Can sai ga su, Chundung ta uku a layi, laka har ƙauri, tana ba wani likita labarin acca. Constance ta sa kowa ya zauna a bayan mota ya cire takalmi. Da ta zo kanta ta durƙusa, ta ɗaga ƙafar dama ta juya, ta ɗaga ta hagu, ta danna inda tsohon bororon ya warke. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta miƙe ta kakkaɓe hannu.

"Kina ciki. Ki zo da rigar sanyi mai kauri."

Na zaci za ta yi guɗa ta tara mana jama'a. Amma ina! Ta kama hannuna ta matse har ya yi zafi, haka muka shiga mota.

Da muka isa gida muka tarar da Bartholomew zaune a falo da baho na ruwan ɗumi, ga buroshi da gwangwanin man takalmi a gefe. Bai tambayi yadda aka yi ba, fuskarta ta gaya masa. Ya kwance mata igiyar, ya ɗauki takalmin zai fara gogewa, sai ta riƙe masa hannu.

"Bar shi haka. Kwana goma sha biyu na yi ina tsufar da shi."

Ya dubi takalmin, ya dube ta, ya ajiye buroshin. Sai ya jawo ƙafafunta ya tsoma a ruwan, ya shiga wanke mata da hannunsa, a gabana, mutumin da ko kofin shayinsa ban taɓa ganin ya ɗauraye ba. Kansa a sunkuye ya tambaye ta ƙarfe nawa jirgin zai tashi, don shi zai kai ta.