Sabulu a Ɗakin Masu Korona

Har yau ina tuna ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Talata, lokacin da Alhaji Sale, mai gado na uku, ya nemi fo, tasar bayan gida, karo na huɗu. Ina shekara ta biyu a makarantar koyon aikin jinya, an turo ni wani asibiti a yankin Rano, ɗakin da aka ware wa maza masu korona. Aikina auna zafin jiki da rubuta abin da kowa ya ci da abin da ya fitar.

Kafin azahar gudawa ta kama mutum uku. Ga wanda numfashi ke yi wa wuya, gudawa ba ƙaramin abu ba ce. Kan ka ankara jiki ya bushe.

Zargi ya faɗa kan nono. Cikin marasa lafiyar akwai Malam Buba, wani dattijo makiyayi daga wajen Fammar, wanda matarsa Inna Dije kan kawo masa fura da kindirmo kullum ta miƙo ta bakin ƙofa, shi kuma ya rarraba wa maƙwabta.

"Buba, ka gama da mu," in ji Alhaji Sale. "Korona ta bar ni, nononka zai kai ni."

"Da kake shanye rabin ƙwaryar ba ka ce haka ba," in ji Malam Buba.

Sista Rabi, shugabar ɗakin, ta hana shigo da nono. Daga ranar Malam Buba ya rufe bakinsa. Tuwon asibiti, kunu, shayi, duk ya kawar da kai. Kwana biyu ina rubuta "bai ci ba" a gaban sunansa, ina kallon idonsa yana zurmawa. Inna Dije kuwa ba ta fasa zuwa ba, sai ta zauna a gindin darbejiya da ƙwaryarta a rufe.

Gudawar ba ta tsaya ba. Na zauna da takardun gadajen ina bi ɗaya bayan ɗaya. Biyu daga cikin waɗanda ta kama ba su taɓa shan nonon ba, Malam Buba da ya fi kowa sha kuma lafiyar cikinsa ƙalau. Abin da ya haɗa masu gudawar shi ne duk sun haura mako suna karɓar maganin kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfi, kuma gadajensu a jere suke yadda muke bi da safe. Na koma littafina na makaranta. Akwai wata ƙwayar cutar hanji da ke samun dama idan irin wannan magani ya kashe ƙwayoyi masu amfani a ciki. Sanitaiza ba ta kashe ta, sai an wanke hannu da sabulu da ruwa. Mu kuwa tun zuwan korona mun saba da shafa sanitaiza tsakanin gado da gado, famfon ɗakin ma ya daɗe da lalacewa.

Sau uku ina zuwa teburin Sista ina dawowa. A na huɗu na ajiye mata takardar da na rubuta abin da na gano.

"Sista, don Allah ki duba wannan."

"Ɗaga murya, Hauwa, takunkumi ya cinye maganar."

Ta karanta a tsaye, ta sake karantawa a zaune, sannan ta kira likita. Aka aika bayan gidan marasa lafiyar gwaji Kano, aka sauya magani, aka mayar da masu gudawa gefe guda. Aka girke bokiti mai famfo da sabulu a ƙofa, aka goge ƙarfen gadaje da ruwan kulorin. Da Inna Dije ta tabbatar tana dafa madararta kafin ta kwantar da ita, ni aka aika na karɓo ƙwaryar. Malam Buba ya sha ludayi bakwai, na rubuta.

Bayan kwana biyar sakamako ya dawo, ƙwayar ce. A lokacin ba wanda ya sake kamuwa, Alhaji Sale har ya fara roƙon fura. Amma abin yana cina. Na sami Sista tana wanke hannu, na ce, "Ashe mu ne muka yi ta kai musu?"

Ta daɗe tana murza yatsunta.

"Mu ne, Hauwa. Shekara ashirin ina aikin nan, na ɗora wa baiwar Allah laifin hannuna. Zo ki raka ni in ba Inna Dije haƙuri. Gobe kuma in kin ga abu, ki faɗa tun a zuwan farko."